Shukar Baban Adaeze

Asabar, 14 ga Disamba
Su Adaeze ƙawata za su tafi garinsu Kirsimeti, ta ce in je Sabon Gari in karɓi ajiyar fure. Tun daga Fagge nake hango wa kaina a zuci jan fure mai ƙamshi, irin na littafi. Sai ta miƙo min wasu karare kamar busasshen rake, ɗaure a jikin guntun itace, saiwoyi cako-cako kamar tana. Tir! Wai marigayi babanta ne ya ɓamɓaro ta daga bishiyar kwakwar manja a ƙauyensu. "Muhibba, yayyafi kawai, kin ji ko? In ta mutu Mama sai ta yanka ni." Kunya ta hana ni tambaya.

Litinin, 16 ga Disamba
Shuka babu ƙasa, wane irin mugun riƙo ne wannan? Na kwance ta, na dasa a tsohon bokitin fenti da kashin tumakin Baba. Ruwa safe da yamma. Bari ta dawo ta ga gata.

Laraba, 25 ga Disamba
Ɗoyi.

Juma'a, 27 ga Disamba
Ina tsakiyar littafin soyayya, daidai inda saurayin zai furta wa budurwar yana sonta, warin ya shigo ta taga. Na tona. Saiwoyin sun yi baƙi, sai yauƙi, ga tsutsa fara fat. Na yi amai a bakin rariya. Inna kakata ta leƙo: "Ai manta-uwa ce! A kan giginya take zama, ƙazama. An ba ki amana kin binne ta da ranta." Ta ce in yanke duk abin da ya ruɓe, in mayar da ita kan itacenta. Na ce ta taya ni. Wai, "Ni na zuba kashin?"

Asabar, 28 ga Disamba
Reza da hannuna. Abin yana fashewa a yatsa kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Na wanke da omo, na goga lemon tsami, har yanzu yana cikin farcena. Ban iya cin tuwo ba. Adaeze ta turo saƙo: "Ya furen Dadi?" Na rubuta, na goge, na rubuta... na kife wayar.

Lahadi, 12 ga Janairu
Sun dawo. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon ɗan abin da ya rage, idonta ya ciko. Sai na ja hannunta na nuna mata ƙasan kara: ɗan tsiron saiwa, bakinsa kore shar, tun ranar Alhamis nake gadinsa. Ta share ido ta ce gobe za ta ɗauke ta. Na ce ta bari ya kama itacen tukuna. Ba don komai ba fa, har yanzu mummuna ce.
Littafin yana ƙarƙashin filo. Ban ma san ko ya aure ta ba.