Kofin Madarar Bahijja

Zuwa ga Mai Unguwa, shugabanmu abin biyayya, Allah ya ja zamaninka.

Bayan gaisuwa da ladabi, ni ne Malam Ɗahiru Jibrin, shugaban masu narka dalmar tsohon batir a Ƙofar Mazugal, wanda ya kammala ajin yaƙi da jahilci bana. Da hannuna na rubuta wannan, ba wanda ya taya ni.

Na ji sanarwar hana narka dalma a cikin gida, wai hayaƙin yana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ranka ya daɗe, ban gamsu ba. Mu masu sana'ar mun san maganinsa, wato madara. Da an tashi aiki sai a sha, ta wanke ƙirji. 'Yata Bahijja a gindin murhuna ta yi rarrafe, kuma ban taɓa fashin ba ta kofinta ba. Rashin karatunta taurin kai ne, ina kuwa maganinsa da bulala.

A janye dokar. Na barka lafiya.
Ɗahiru Jibrin, Shugaba

Malam Ɗahiru,

Salamu alaikum. Rubutu ya yi kyau. Ranar Talata ma'aikatan lafiya za su auna jinin yara a ƙofar gidana. Kawo Bahijja. In ba a ga komai ba, ni zan kai kukanka gaba. Kafin nan, ajiye bulalar.

Wassalam,
Mai Unguwa

Zuwa ga Mai Unguwa, Allah ya ƙara maka lafiya.

Bayan gaisuwa, na janye takardata ta farko.

Sakamako ya fito: dalma ta yi yawa a jinin Bahijja. Malamar asibiti ta ce, "Baba, madara ba ta wanke dalma." Na ce to a ba yarinyar magani ta dawo daidai. Ta ce za a rage dalmar a jini, amma abin da ya riga ya taɓu a ƙwaƙwalwa ba lallai ya dawo ba.

Ni mai shekara hamsin da biyu na koyi baƙaƙe cikin wata tara. Ita Bahijja shekara uku tana fama, ina dukanta.

Jiya ta dawo daga makaranta, ta ɗauko bulalar da kanta ta miƙo mini. Ta ce, "Baba, yau ma na manta."

Yau da hantsi na rushe murhun. Waɗanda suka shaida: Isyaku maƙwabcina, Umar mai shayi, matata Mero, da Bahijja, wadda ta tambaye ni ko madarar ma an daina.

Na barka lafiya.
Ɗahiru