Hannun Balki Ya Kai Kunne

Malama Saliha, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ina da ɗiya, Balki, mai amosanin jini. In ya motsa sai mun kwana gidan likita. Kin san magani kyauta ne ga yaran da ba su cika shekara biyar ba. Mu nan ba mu da takardar haihuwa, shi ya sa manjo, wato babban ma'aikacin gidan likita, kan sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. Wanda ya kamo ya girma, sai uwayensa su biya. Balki ta wuce biyar tun bara. Ni na koya mata ta lanƙwashe hannu, ta yi kamar ta kasa. Allah ya yafe mini, ta ƙware.

To ran nan mushen lakol, wato malamin makarantar boko, ya zo ɗaukar yara, ashe shi ma haka yake gwaji. Balki ta lanƙwashe hannu, ta waigo tana yi mini murmushi, ita a ganinta ta kyauta mini. Aka ɗauki ƙawayenta aka bar ta. Yanzu kullum da safe tana bakin zaure tana kallon wucewarsu.

Maigidana Labo ya ce a bar ta sai baɗi. Wai tunda sojoji za su miƙa mulki, ɗan takarar da yake goyon baya ya yi alkawarin asusun lafiya a kowace komin, wato ƙaramar hukuma, har manyan yara za a ɗauke wa kuɗin magani. Yayana kuwa ya ce ko na ƙananan ma sau da yawa babu maganin, sai a rubuta maka ka tafi garin Gazawa ka saya, ina za a samo na ƙari? Kullum suna gindin itacen bedi suna wannan gardama, alhali mushe ya ce ranar kasuwa zai rufe ɗauka. In na kai ta ta kamo kunne, kowa zai ji, har manjo. Ya zan yi?

Uwar Balki, karkarar Gangara

Ƴar'uwa, ki cire manjo daga cikin damuwarki. Mutumin da ya ga yarinya da giɓin haƙora ta kasa kamo kunne, ya ba da magani bai tanka ba, ba ki yaudare shi ba. Kau da kai ya yi.

Labo yana da gaskiya, ciwon Balki bai san ta cika biyar ba, kuma ya kamata a faɗaɗa tsarin. Yayanki ma bai yi ƙarya ba, na sha ganin alkawari ya iso ƙauye ya baro maganin a Yamai. Amma lokacin zaɓe kowane ɗan takara likita ne, kuma ko wa ya ci, asusun nan ba zai riga ranar kasuwa isowa ba.

Ki kai ta lakol. Kafin nan ki je wurin manjo da ƙafarki ki faɗa masa gaskiya, ki tambaye shi yadda za a rage tashin ciwon da irin sassaucin da zai iya yi. Ba zan ɓoye miki ba, wata rana za ku biya. Labo ya ware buhun wake tun yanzu, ya fi masa zaman gindin bedi. In ƴan takara suka zo, ku taru ku mata ku tambaye su wa zai zuba maganin, kuma yaushe.

Sannan ki zaunar da Balki ki gaya mata wancan wasan ya ƙare, ta miƙe hannunta iyakar tsawonsa. Allah ya ba ta lafiya, ya sa ta kamo abin da ya fi kunne nisa.