Bencin Baya a Ajin Jikata

Litinin, 3 ga Maris
Yau jikata ta fara koyar da Turanci a ajin yamma na manya. Jikata! Ni da sai da furfura ta fito mini sannan na iya rubuta sunana, a irin wannan ajin. Na sa rigata ta fita kunya na bi ta. Ta ce, "Tsoho, ina kuma za ka?" Na ce, "Rakiyar amarya mana, kada a yi mini ƙwace." Na samu bencin baya na zauna.

Laraba, 5 ga Maris
Yarinyar nan ta iya, wallahi. Ba ta fara da allo ba. Cewa ta yi kowa ya zo da kayan sana'arsa. Tela ya zo da almakashi, makanike da sifana, wata mai kitso da mataji. Ta ɗaga ɗaya, su faɗi yadda ake cewa da Turanci. Ta ɗaga biyu, su ji inda magana ta sauya. Haka suka koyi tilo da jam'i ba su ma san sun koya ba. Mu a lokacinmu hadda muka sha kamar aku. Duk tambayar da ta jefo ni na fara cafewa, don a san gidan da ta fito.

Litinin, 10 ga Maris
Yau darasin jiya da yau: na ɗinka, ina ɗinkawa. Tela ya kwafsa, na gyara masa daga baya. Ya sake, na sake gyarawa. An sha dariya.

Alhamis, 13 ga Maris
Tela bai zo ba. Mai kitso ma haka. Mutanen yanzu ba juriya.

Litinin, 17 ga Maris
Shugaban makaranta ya leƙo ya ga bencuna wayam. Ya ce mata in ajin ya ci gaba da zubewa har ƙarshen wata, rufe shi za a yi. Muka kamo hanya. Sai a ƙofar gida ta ce, "Kaka, babba in ya buɗe baki ya yi kuskure, ba ni yake jin kunya ba fa." "Kaka" ta kira ni yau, ba "Tsoho" ba. Abincin ma kaɗan na taɓa.

Talata, 18 ga Maris
Na kai wa tela wandona ya rage tsawo. Ba abin da ya sami wandon. Ya ce, "Baba, ai kai ka gama sani, mu me za mu ce a gabanka?" Na ce ni ɗan rakiya ne kawai, malama ɗaya ce a ajin nan. Ya ce zai duba.

Laraba, 26 ga Maris
Tela ya dawo, har ya janyo mai kitso. Jikata ta tambaye shi abin da ya yi jiya. Ya miƙe, ya soma, ya maƙale a tsakiya. Kalmar tana bakina, har harshena na ƙaiƙayi. Ita kuwa ta tsaya tana jiransa da murmushi, kamar ba ta da wani aiki a duniya. Ina ta samo wannan haƙuri? Ba dai wurina ba. Can sai ga shi ya ƙarasa da kansa. Aji ya ɗau tafi. Shugaban yana bakin taga, ya gyaɗa kai ya wuce.

A hanya ta ce, "Tsoho, lafiya kuwa? Yau ban ji muryarka ba." Na ce maƙogwaro ne ke damuna. Da alama zai daɗe bai warke ba.