Albasar da ba ta sa hawaye

Daren Laraba, bayan isha'i

Wayar nan nake faɗa wa, tunda ban iya rubutu ba, kuma bakina ya kasa faɗa wa mutum.

Nana ta yi amai sau huɗu tun la'asar. Ɗiyata, ko yaye ban gama yi mata ba. Yanzu ta yi barci, amma hannuna na kan cikinta.

Jiya Baban Nana ya shigo da wasu 'yan albasa a leda daga gidan Hajiya na Kambarawa, inda yake ban ruwan fulawa. Ya aje bakin murhu, bai ce mini komi ba. Yau albasata ta ƙare, na yanka biyu na zuba a miya. Da ina yankawa idona bai yi hawaye ba. Wallahi na lura, har daɗi na ji. Da rana na ba Nana tuwo da miyar, ta ci.

Da ya dawo ya ɗauki ledar, ya ce, "Rabi, kar wanda ya taɓa wannan. Ta fure ce, gobe zan dasa ta jikin katanga. Ba a ci, kuma an barbaɗa mata maganin ƙwari."

Na zubar da miyar, na ce ƙonewa ta yi. Ya duba Nana ya ce haƙori ne, na ce haka ne.

Ɓawon albasar na nan ƙulle a bakin zanena, sai likita ya gani. Nana ta sake motsi. Ba zan jira asuba ba. Bari in tashi babanta in faɗa masa gaskiya, ko mi zai ce mini ya ce.