Lissafin Ruwa Ya Sha Kwalliya

Kura, daren Laraba, 19 ga Fabrairu

Yau abin ya ishe ni. Tun safe Injiniya Bala ya sa ni ciro lissafin rabon ruwa daga jadawalin da ke cikin kwamfuta, in rubuta shi kamar na littafin makaranta, wannan a sama, wancan a ƙasa, layi a tsakani, saboda baƙin da za su zo gobe. A cikin ɗan akwatinsa na jadawalin ba ya karantuwa, alamomi a cakuɗe kamar hanjin kaza. Da na shimfiɗa shi tsaf, ashe babu inda aka cire ruwan da ke tsiyayewa a hanya. Wato a wurin kwamfuta, gonar bakin babbar magudanar ruwa da ta can ƙarshen Bunkure ruwa ɗaya suke samu. Shi ya sa tumatirin Kawu Isa da ke can ƙarshen yake yaushi, mu kuma muna ce masa lissafi ba ya ƙarya.

Na kai wa Injiniya da sauri, na ce, "Yallaɓai, ga inda matsalar take."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, ya yi kyau, Hadiza! Ki ƙara girman rubutun, ki sa shuɗi. Gyara sai baƙi sun tafi."

Na sa shuɗin. Da zan dawo na gamu da Kawu a kan babur, ya tambaye ni ko layin gonakinsu zai samu ruwa wannan makon. Na ce masa ana dubawa, har ya sa mini albarka. Ko tuwo na kasa ci.