Faifan Da Na Saya A Bakin Titi

San Juan de Lurigancho, Lima

Zuwa ga Yaya Teófilo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Maricruz da yara. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa wa gumin da kake zubarwa a Milan albarka. Mu nan lafiya lau, sai sanyin watan Yuli da yayyafin nan namu da ba ya jiƙa ƙasa sai ya shiga ƙashin mutum. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma hawa rufin ɗaki tana faɗa da kajinta. Ta ce in gaya maka ka rame a hoton da ka turo, wai ko an daina sayar da dankali ne a can. Na rubuta maimakon in kira ka, domin maganar da ke tafe da ni ba zan iya yin ta kana kallon fuskata a waya ba.

Ɗan kwanson ƙarfen da ka aiko ya iso, wanda za a saka faifan ajiya na SSD a ciki mu kwashe bidiyoyin marigayi Baba kafin tsohuwar kwamfutar gidan nan ta mutu da su. Ka san kiɗan gogensa na bukukuwan ƙauye ba ya ko'ina yanzu sai cikinta. Bayaninka ma ban manta ba. Ka ce in nemi siririn nan dogo mai gibi ɗaya a baki, domin kwanson ba ya karɓar mai gibi biyu. Ka ce kada in bi mafi gudu, tunda igiyar da ke jona shi da kwamfutar ce za ta taka masa birki, zafin banza kawai zai riƙa yi. Sannan ka ce lallai ya zama sabo, a cikin kwalinsa, da rasit. Duka na riƙe, Yaya, ban da na ƙarshen.

Ranar da zan fita, mijina Fortunato ya yi ta yi mini dariya, wai ni da ko tumatir aka aike ni sai an cuce ni, ina ni ina kayan kwamfuta, gara in bar wa maza. Na fita da wannan maganar tana cina. A shagunan tsakiyar gari na ga sababbi, har wata yarinya ta gwada mini ɗaya a kwanson ya zauna daram. Na ce mata zan zagaya in dawo. A bakin titi wani mutum mai rumfa ya tare ni, yana kirana kwastomarsa kamar ya san ni tun haihuwa. Ya buɗe wata roba cike da faifai tsirara, babu kwali babu suna, ya zaro mai gibi ɗaya da ya ninka wancan ɗaukar kaya, a rabin kuɗinsa. Ya rantse da kabarin uwarsa cewa daga wani ofis da ya rufe aka ciro su, kuma an goge su tas. Ba zan yi maka ƙarya ba, na san irin wannan rumfar. Kowa a garin nan ya san inda kayanta ke fitowa. Ni ce fa bara, da aka ƙwace wayar Fortunato, na tsaya gaban ɗalibaina a aji ina cewa mai sayen kayan sata ya fi ɓarawon mugunta. Amma na saya, ina ta hango yadda bakin mijina zai mutu.

Da na dawo na ɗaure shi a kwanson, na jona, ina jiran in ga faifai fayau. Sai ga rayuwar wasu mutane ta buɗe a gabana. Hotunan wata budurwa cikin fararen kayan ɗaliban jinya, da rubutun aikinta na kammala makaranta, da bidiyoyin wani dattijo a gadon asibiti yana yi wa jikarsa waƙa da muryar da ta kusa ƙarewa. Fortunato ya zo da niyyar tsokana, ya leƙa, ya juya ya fita. Da ma ya yi dariyar, da ya fi mini sauƙi. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, sai da na kai hannu wurin gogewa. Na ce a raina ai ba ni na sata ba, kuma ba wanda zai sani. Mama ce ta shigo, ta ga dattijon, ta tambaye ni ko baban wane ne wannan, Allah ya jiƙansa. Na janye hannuna.

A cikin hotunan akwai wata rumfar lemon 'ya'yan itace da sunan mai ita, Doña Hermelinda, a wata kasuwa a unguwar Comas. Ranar Asabar na hau mota na je, na yi ta tambaya har aka nuna mini. Da matar ta gane abin da na kawo, ta bar injin markaɗenta yana ta kuka, ta rungume ni da hannuwa duk ruwan gwanda. Ta ce dattijon mijinta ne, ya rasu a farkon shekara, kuma ba su da muryarsa a wani wuri. Ta tara 'yan kasuwa tana nuna ni, wai su zo su ga mala'ikan da Allah ya aiko mata a motar haya. Ita a zatonta tsintarsa na yi. Na tsaya ana ta shi mini albarka, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Can 'yarta Rosmery ta iso, mai kayan jinyar, hannunta na dama rataye a wuya. Ba ta rungume ni ba. Ta juya faifan a tafinta, ta tambaye ni a hankali inda na saye shi. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce a cikin babur mai ƙafa uku take aka fizgi jakarta da kwamfutarta a ciki, ta ƙi saki, ɓarayin suka ja ta a kan kwalta har ƙashin ya karye. Ta ce ai ba kwamfutar suke so ba, farfasa ta suke yi, domin kowane guntu da mai jiran sayensa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba, har godiya ta yi. Uwar kuwa sai ta hau cusa mini mangwaro a leda, ta ce wanda ya dawo da abu ya dawo da shi, in karɓa kawai. Na rungumo ledar har gida, ban iya cin ko ɗaya ba.

Na koma wurin yarinyar shagon nan na sayi sabo, ƙarami ne amma ya ɗauke komai, kuma Mama ta sha kuka da ta ji gogen Baba ya fito garau. Kada ka aiko da kuɗinsa, wannan ni zan ɗauki nauyinsa. Saura abu ɗaya. Kafin in baro Comas, Rosmery ta tambaye ni ko zan raka ta wurin 'yan sanda in nuna rumfar, domin robar nan cike take da na wasu. Fortunato ya ce mutumin ya san fuskata, irinsu kuma ba su kaɗai suke ba, amma in dai na nace, ƙafarsa ƙafata. Tsoro nake ji, Yaya, ƙwarai da gaske. Ranar Litinin za mu je. Ka sa ni a addu'a, kuma kada ka gaya wa Mama sai mun dawo.

Ka gaida Maricruz, ka shafa mini kan Yésica da ƙaramin Aurelio. Mama da Gwaggo Eduviges suna gaishe ku, Fortunato ma haka.

Ƙanwarka mai sunkuyar da kai a gabanka,
Zenaida