Kunun da Na Mayar

Daren Laraba, goma ga Sha'aban, Maradun

Matar ɗana ta kawo mani kunun tsamiya cikin kofin roba, da sukari, da burodi. Nic ce ta ɗauke abinta. Kunun tsamiya zuma ake sa mai, a ƙoƙo, a haɗa da ƙosai mai zafi. Haka matata marigayiya Hajo ta riƙa ba ni shekara arba'in.

Tac ce, "To Baba, ina zumar? Itacen da kuke rataya amya yana ƙarƙashin ruwan dam."

Ni za ta hwaɗa wa?

Tun hantsi ba ta sake leƙowa ba. Ita kaɗai ke zama ta yi hira da ni tun da munka taso daga tsohon gari saboda dam. Gobe in ta kawo, zan sha. Amma burodin nan ba ni taɓa shi.